Maɓalli Bakwai

Da hannun hagu ta same shi yana cike takardar asibitin. Ya kifa tire a kan cinyarsa, ya shimfiɗa takardar a kai, yana bin gidajen da aka zana ɗaya bayan ɗaya da bironta, har da ɗan fito da harshe kamar ɗan aji ɗaya. Hannun daman, wanda dominsa aka ba da takardar, yana kwance a kan matashi abinsa.

“Malam, me kake yi haka?”

“Wuraren da na manta ban cike ba nake cikewa.”

“Cikewar ka manta, ko yin?”

Bai ɗago ba. Ya sa wa Laraba alama uku, ya wuce zuwa Alhamis.

Mai Guga ake ce mata a layinsu, don shekara goma sha tara ke nan tana tsaye a bayan teburin guga a wani gidan wanki da ke bakin babban titi. Mijin nata kuwa Almakashi, sunan da masu zuwa aski suka laƙaba masa tun yana saurayi. Lokacin da kowa ya koma inji, shi da almakashi yake gyara gashi da gemu, kuma mutum kan wuce shago uku ya zo ya jira kujerarsa. Wata uku da suka wuce babban madubin shagon ya suɓuto daga bango, ya kai hannu zai tare, gilashin ya yanke masa jijiyoyin yatsu uku. Ƙusar madubin ta fi shekara tana rawa. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce ranar Litinin zai gyara.

An ɗinke jijiyoyin, an ɗaure hannun, an kwance. Sati huɗu ke nan da aka tura shi sashen gashin ƙashi, can aka ba shi wannan takarda mai gida tamanin da huɗu: safe, rana, yamma, ya lanƙwasa kowane yatsa sau goma, ya miƙe, ya sa alama. Duka-duka minti biyar ne. An kuma gaya masa gaskiya ba ɓoyo, in bai yi ba jijiyar za ta manne da nama, yatsun su sandare, shi da almakashi sai dai kallo.

Kwana ukun farko kamar zai cinye takardar. An ce goma, ya yi talatin. Ya kira ƙaninsa a waya ya ce a shaida wa mutane kafin wata ya mutu zai koma shago. Rana ta huɗu hannun ya kumbura, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ne har yau.

“Maman yara, ba za ki gane ba ne,” in ji shi, yana tsallakawa zuwa sati na uku. “Irin wannan aiki ba a yin sa da ka. Sai zuciya ta ɗauka. In ka yi shi ba ka so, jiki ba ya karɓa.”

Wannan maganar ce ta fi komai ƙona mata rai. Zuciya ta ɗauka, wai. Ita shekara goma sha tara babu mahalukin da ya taɓa tambayarta ko zuciyarta ta ɗauki guga. Ƙarfe bakwai za ta kunna dutsen guga, ta yayyafa ruwa, ta bi wuya, ta bi hannu, baya, gaba, ta rataye, ta ɓalla maɓallai daga ƙasa har sama, ta jawo ta gaba. Riga sittin a rana. Ta yi da zazzaɓi, ta yi da tsohon ciki, ta yi kwana uku bayan rasuwar mahaifiyarta, hawaye na ɗiga a kan rigar wani tana bi da dutse tana busarwa. Da zuciya take jira, da rabin ma'aikatan titin nan sun daɗe suna zuwa ofis a cukurkuɗe.

“Tashi mu tafi, zuwa ƙarfe sha ɗaya kawai mai gidan wanki ya ba ni,” ta ce. “Ka je ka nuna musu ƙaryar da kanka, ni ba ruwana.”

Ya miƙe ya zura farar rigar da ta goge masa, ya juyo ya turo mata ƙirji. Tana faɗa, yatsunta na hawa. Kafin ta kai ƙarshen maganar da take yi a kan ƙaninsa da tarkacen da yake saya masa, ƙwallon roba da wani ƙarfen matsawa mai sifirin da ba a taɓa cirewa daga kwali ba, maɓalli bakwai sun shiga, na hannu biyu sun bi. Ta ɗaura masa agogo, ta miƙa masa kofin shayi a hagu, ta kulle ƙofa da kanta.

A bas ya samu gefen taga, ya rungume hannun a ƙirji kamar ƙwai. Ba a yi nisa ba ya ciro waya. Kullum da safe ƙanin nasa yakan turo masa bidiyo, yau na wani mutum ne marar hannaye yana zane da yatsun ƙafa, wata murya na ta ihu a baya cewa babu abin da ya fi ƙarfin mai niyya. Almakashi ya kalla har sau biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya karkata wayar ya nuna wa wani dattijo da ke zaune kusa da shi.

“Ka ga ikon Allah? Komai a zuci yake, Baba. Ni nan da kake gani jijiya uku na yanke, amma ban taɓa karaya ba.”

“Allah ya ba da lafiya,” in ji dattijon. “Ai da ganinka an ga mai himma.”

Mai Guga ta juya tana kallon bayan kujerar gabanta. Bidiyon minti shida ne. Sau biyu, sha biyu. Da ya lanƙwasa yatsun a wannan lokacin, da ya yi na safe da na rana har da canji. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta tuna a cikin mutane suke, ta haɗiye.

Sashen gashin ƙashi yana can ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Benci biyu ne a ƙofar, cike da masu sanda da masu ɗaurarrun kafaɗu. Sai tara da rabi aka kira katinsu. Zuwan da ya gabata ita ba ta samu rakiya ba, aiki ya riƙe ta, don haka yau ne ta fara ganin likitar: wata 'yar siririyar mata mai tabarau, wadda da ƙyar in ta girmi babbar 'yarsu da shekara biyar.

Likitar ta karɓi takardar, ta duba gaba, ta juya baya. Gida tamanin da huɗu, alama tamanin da huɗu, duk biro ɗaya, duk sun karkata gefe ɗaya. Har gidan yamman yau, da ba a kai ba tukuna, ya samu tasa.

“Malam, kawo hannun.”

Ta ɗauko wani ma'auni na roba mai kama da rula biyu da aka haɗa da ƙusa, ta ɗora a kan yatsan manuni. “Lanƙwasa. Ƙara. Iyakarsa ke nan?” Ta rubuta. Ta koma na tsakiya, ta koma babban yatsa. Ta buɗe fayil ta gwada da abin da ta rubuta wancan zuwan, sannan ta cire tabarau ta ajiye.

“Takardar dai ta warke sarai,” ta ce. “Hannun ne yana nan inda na bar shi. Na tsakiyan ma ya ɗan ja baya.”

Wani sanyi ya ratsa Mai Guga, irin na wanda aka daɗe ana ƙaryatawa sai ga shaida ta zo da ƙafarta. “Gaya masa dai, likita. Ni na yi magana har bakina ya gaji. Wai sai zuciya ta ɗauka. Yau sanyi, gobe bai yi barci sosai ba, jibi Litinin zai fara. Wannan takardar da safen nan ya cike ta, da hagu, a gabana.”

“Haba, Maman yara.”

“Ƙarya na yi?”

Likitar ba ta bi ta kansu ba. “Cire rigar in ga kafaɗar. Wanda ya daɗe yana rungume da hannu, kafaɗa ma takan riƙe.”

Almakashi ya juya ya turo ƙirji. Hannun Mai Guga ya riga tunaninta isa wuyan rigar, har ta ɓalle na sama ta sauka na biyu, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

“Tsaya, Mama. Wa yake ɓalla masa riga da safe?”

“Ni mana.”

“Kullum?”

“Ban taɓa fashi ba.” Ta faɗa da ɗan ɗaga kai, don gaskiya ce, kuma abin alfahari ne.

“Agogo fa? Makulli? Murfin man goge baki, famfo, cokali?”

“Duk ni ce. Kafin in fita aiki sai na tabbatar babu abin da zai wahalar da hannun nan. Ruwan wanka ma a buɗe nake bar masa bokiti, sabulu a hagu.”

Likitar ta saki hannunta, ta dubi Almakashi. “Malam, ranar da na ba ka takardar nan, me na ce maka game da riga?”

Almakashi ya sami abin kallo a jikin kalandar bango.

“Na ce maka daga ranar, maɓallinka, makullinka, cokalinka, duk da dama. Na ce ka gaya wa mutanen gida su janye hannu. Na ce ko ban ce ba?”

“Kin ce.”

Mai Guga ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi. “An gaya maka? Sati huɗu kana turo min ƙirji kullum, ashe an gaya maka?”

“To, ai na ga kina jin daɗin yi ne,” ya ce a hankali. “Kuma ke kin fi sauri.”

Da ba a ofishin mutane suke ba, Allah kaɗai ya san abin da za ta ce. Ita da take tashi biyar saura don ta gama masa komai kafin bas ɗin shida da rabi, ita ce yau aka mayar mai jin daɗi.

“Kada ki ga laifinsa shi kaɗai,” in ji likitar, tana ɓalle sauran maɓallan da kanta, ta zame rigar ta fara juya kafaɗar. “Takarda kowa yana iya gudunta, na sani. Cikin goma da nake ba wa, bakwai a bas suke cikewa. Shi ya sa nake haɗawa da riga. Mutum zai iya cewa yau ba ya jin motsa yatsu, amma ba zai fita tsirara ba. Ko yana so ko ba ya so, sai ya ɓalla. Maɓalli bakwai da safe, bakwai da yamma, sati huɗu, ki duba nawa kika karɓe masa.” Ta ɗaga hannun sama, Almakashi ya ciji leɓe. “Zan gaya miki abin da ba shi da daɗin ji. Masu irin wannan ciwon da suka fi saurin warkewa a wurina, waɗanda ba su da kowa a gida ne.”

Maganar ta shige ta kamar allura. Wato da ta yi kwanciyarta ta bar shi, da ta fi taimakonsa. Wato ita da take yi wa kanta kirarin ba ta fashi, rashin fashin nata ne ya yi wata guda yana sandarar da yatsun mijinta, kullum a kan lokaci, ba ta taɓa makara ba. Ta so ta ce wa yarinyar nan me ta sani game da aure, me ta sani game da tashin asuba. Ta duba ta ga babu inda za ta kama, shi ya fi ba ta haushi.

“Sati huɗu suka rage mana, in an yi sa'a,” likitar ta ce. “Bayan nan jijiyar ta gama mannewa, sai dai a sake yanka, kuma ko an yanka ban yi maka alkawarin almakashi ba. Ba zan ba ka wata takarda ba, ka iya cikewa da yawa. Mayar da rigarka a waje, akwai masu jira.”

Suka fito baranda, shi da riga a buɗe a kan singileti, ita da jaka. Agogon bango ya nuna goma da minti goma. In suka kama bas yanzu za ta isa kafin sha ɗaya, inda farar riga arba'in ta ma'aikatan wani otal ke jiranta, za a zo ɗauka ƙarfe biyu. Almakashi ya dubi mutanen benci, ya matso kusa da ita, ya turo ƙirji.

“Yi sauri ki rufa min asiri, in mun je gida sai in fara.”

Daƙiƙa goma ce a wurinta, ko dubawa ba sai ta yi ba. Yatsunta har sun motsa da kansu. Ta nemi gefen benci ta zauna, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta danne.

“Ɓalla.”

“A nan? A gaban jama'a?”

“A gaban jama'a ka ce komai a zuci yake. To ga riga nan.”

“Maman yara, ni kike wa haka?”

“Kai ka yi wa kanka, ni na taya ka. Na daina.”

Ya tsaya yana huci, yana jiran ta sauko kamar yadda ta saba. Da ya ga ba ta da niyya, ya kai hagu zai yi dabara. “Da dama,” ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. Ya kama maɓallin ƙasa da babban yatsa da manuni. Yatsun suka ƙi haɗuwa, maɓallin ya zille. Ya sake, ya zille. A karo na biyar ya tura shi rabi, ya tsaya yana numfashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Wata tsohuwa mai sanda da ke gefenta ta zungure ta da gwiwar hannu. “Baiwar Allah, ba mijinki ba ne?”

“Shi ne, Iya.”

“To ki taimaka masa mana. Wannan wane irin rashin tausayi ne? Matan yanzu dai sai addu'a.”

Wani mutum mai ɗaurarriyar ƙafa ya jingina sandarsa, ya ce, “Matso nan, ɗan'uwa, in ɓalla maka.”

“Kada ka taɓa rigar nan, don Allah,” in ji Mai Guga. Yadda ta faɗa ya sa mutumin ya mayar da hannunsa, ya girgiza kai. Benci biyu suka zuba mata ido, ta san kuma abin da suke gani: ƙatuwar mace lafiyayya ta zauna a kan hannayenta, miji na fama. Wata uku tana wanke shi tana shirya shi babu wanda ya gani, yau minti goma kacal ta samu 'yan kallo.

Na farko ya shiga. Tun daga inda take ta ga ba a raminsa ya shiga ba, ya tsallake ɗaya. Duk abin da zai biyo baya a karkace zai tafi. Bakinta ya buɗe, ta rufe. In ta faɗa, zai ce to ta zo ta gyara, kuma ta san kanta.

Waya ta yi ƙara a jakarta, mai gidan wanki ne. Ta bar ta ta gaji ta yi shiru, don in ta zaro hannu ɗaya ba ta da tabbacin inda zai nufa. Na biyu ya ci minti huɗu. A na uku Almakashi ya ce yatsan tsakiyan yana yi masa zugi kamar ana jan waya a ciki, ta ce ta ji. A na huɗu ya daina kallonta, ya daina kallon mutane, ya sunkuya shi da maɓallin kawai, harshen nan ya sake fitowa. Rabon da ta ga wannan fuskar tun yana gyara wa mutum gefen gemu.

Sha ɗaya saura minti biyar ya kai wuya. Gefe ɗaya na rigar ya haura har kusa da kunne, ɗayan ya zube, maɓalli guda ya rage a sama ba shi da rami. Ya sauke hannun, ya dube ta da jajayen idanu, rabi fushi rabi wani abu da ya yi kama da murna.

“Kin gani ko? Wallahi yanzu na ji zuciyata ta ɗauka. Daga Litinin za ki ga aiki.”

“Ka bar zuciyar nan ta huta, Malam, ta wahala,” ta ce, tana miƙewa. Hannayenta sun yi tsami, shatin benci ya fito a bayansu. “Gobe shida da kwata zan ajiye riga a kan gado in fita. Makulli yana jikin ƙofa.”

Suka bi dogon barandan suka fita. Shekara goma sha tara riga ba ta taɓa barin hannunta a karkace ba, ko ta wanda ba ta sani ba, ga ta yau tana tafe a gefen mijinta, wuyan rigarsa ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. A tashar bas wata mata ta dubi rigar, ta dubi Mai Guga tun daga ɗankwali har takalmi, ta taɓe baki. Mai Guga ta gane kallon sarai, ita ma ta sha yi wa matan wasu irinsa.

Ta mayar da jakarta gaba, ta riƙe da hannu biyu.